Gahawa Ba Sukari

Widad ta sauka daga jirgin ƙasa na Alkahira a tashar Kina da hantsi, idanunta a kumbure, waya a hannu. Tun daga Giza ba ta runtsa ba. Ƙafarta na taɓa ƙasa saƙon ƙaninta Nagi ya shigo, ya ce an shiga da Baba. Ƙirji za a buɗe masa a gyara zuciya, ita kuwa ga ta can kudu tana jan jakar fitilu a bayan Ramzi mai ɗaukar hoto. Duk wanda ya ji sai ya ce matar nan ba ta da kai, kuma ita ma abin da take faɗa wa kanta ke nan.

Uban ne da kansa ya koro ta. Fahmi tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaga tuta da fitila a bakin dogo, kuma taurin kansa bai yi ritaya tare da shi ba.

"Ke likita ce?" ya ce da ita jiya a asibiti. "Zamanki a bakin ƙofa ne zai ɗinke ni? Ga Nagi nan, ba aikin fari bare na baƙi, ya zauna. Masu kyamara sun ce jibi za su karɓi kayansu, tsohuwar can kuma ba jiran ki za ta yi ba. Tashi ki tafi. Amma kada ki kuskura ki faɗa wa kowa a ƙauye. In gwaggonki Saniyya ta ji, za ta ciko mota da mata da kwandon agwagi su zo su zauna min a kan gado."

Widad marubuciyar waƙoƙi ce, irin waɗanda ake karantawa a wuraren shan gahawa na Alkahira, inda kowa ke tafi ba mai sayen littafi. Tana kuma yin fim. Wannan da take kai ya cinye mata shekaru, a kan matan da ke waƙar makoki in an yi mutuwa. A ƙauyensu mace ɗaya ta rage da ta iya, Ummu Hilal. Ita ce ta yi wa mahaifiyar Widad waƙa ranar da ta rasu, lokacin Widad tana yarinya, tana laɓe a bayan randa. Ji ɗaya ta yi wa waƙar ta haddace, har yau baiti bai faɗi ba. Haka kunnenta yake. Uban kan yi alfahari da ita a tasha, ya tsayar da ita gaban abokan aikinsa ta jero sunayen tashoshi tun daga Kina har Alkahira ba tuntuɓe, yana cewa kunnen yarinyar nan ba ya zubar da komai.

To, Ummu Hilal ta yarda an ɗauke ta tana cuɗa gurasa, tana tsefe kai, tana zagin limamin da ya hana a kira ta gidan mutuwa, har tana nuna haƙorinta ɗaya da ya rage. Waƙar ce dai ta ƙi. Roƙo, ban-baki, kyautar mayafi, duk a banza.

"Ba na kuka a kan iska," in ji ta kullum. "Kawo min mamaci, in ba ki waƙa."

Fim a kan waƙar makoki kuwa da ba waƙar makoki a ciki, ai hira ce kawai. Yau ce ranar ƙarshe da kyamara ke hannunsu, kuma Widad ba ta sa ran komai. Ta zo ne ta ƙara roƙo sau ɗaya don kada ta ce ba ta yi ba.

A cikin motar da ta kwashe su zuwa ƙauye, tsakanin gonakin rake, Ramzi ya miƙo mata baƙar riga da baƙin gyale daga jakarsa. Ɗakin tsohuwar yana da kabad mai gilashi a bayan inda take zama, kuma duk zuwan da suka yi, jar rigar Widad ko ruwan ɗorawa sai ta fito a gilashin ta ɓata masa hoto.

"Don Allah, Ustaza, yau ki rufa min asiri," ya ce. "Na gaji da ganin ki kina yawo a cikin kabad ɗin mutane."

Ta zura rigar a kan tata ba tare da ta ko dube ta ba. Shi Ramzi ba a ga laifinsa, haihuwar unguwar Shubra ne a Alkahira, bai san komai ba sai fitila da waya. Ita da aka yanke wa cibiya a ƙauyen nan ita ya kamata ta yi tunani. Amma hankalinta na wani dogon baranda a Alkahira, gaban wata ƙofa a rufe.

Sun sami Ummu Hilal a tsakar gida. Ta jera gurasa a rana tana kumbura, ta hura tanderu, hayaƙi na tashi. Kullum in ta hango Widad sai ta ce, "Ga 'yar Fahmi da rigar aku, har yanzu ba miji?" Yau ta ɗago kai, ta buɗe baki, ta mayar ta rufe. Ta dubi rigar, ta dubi gyalen, ta daɗe a kan idanun nan da suka kumbura.

"Shigo, 'yar nan," ta ce a hankali. "In dafa miki shayi?"

"Gahawa, Inna, in akwai. Kaina ke sara. Ba sukari."

Tun da likita ya hana babanta sukari ita ma ta bari, don kada ya riƙa kallon kofinta yana haɗiyar yawu. Watanni ke nan, har ta manta abu ne da ake lura da shi. Amma a ƙauyensu, inda ake zuba wa shayi sukari har cokali ya tsaya, ba mai shan gahawa da ɗacinta sai a zaman makoki. Kuma mutumin da ya shigo maka da baƙaƙen kaya ya nemi gahawa ba sukari, ba a tambayarsa me ya faru. Ummu Hilal ta san Fahmi ba shi da lafiya, Widad ta faɗa mata a zuwan baya. Ta kuma san halin mutanen Alkahira, da suke binne nasu shiru-shiru kamar sun yi sata. Ta kawo gahawar ta ajiye.

Ramzi ya ɗauki lokacinsa yana kafa fitilu, yana toshe taga da bargo, yana buɗewa. Aka kira azahar, aka idar. Widad na zaune a kan tabarma tana juya waya. Nagi ya rubuto cewa har yanzu suna ciki. Ta tambaye shi ko wani ya fito ya ce wani abu, ya ce wata ma'aikaciya ta wuce da sauri ba ta dube shi ba. Me ya sa da sauri? Me ya sa ba ta dube shi ba? Ta rubuta, ta goge.

Tana shirin fara roƙon da ta saba, sai tsohuwar ta riga ta. Ta zauna a ƙasa gaban kabad, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure shi tam a goshi, ta ce, "Kunna abin naku."

Widad ta dubi Ramzi, Ramzi ya dube ta.

"Inna, waƙar za ki yi?"

"Na ce ki kunna."

Murna ta buge ta har ta ji kunyar kanta. Ramzi ya yi nuni da waya, don ƙararta na shiga na'urar ɗaukar murya. Ta kashe. Rabin zuciyarta na cewa kada ki kashe, amma ta kashe, ta kife ta a kan tabarma.

Ummu Hilal ta fara kaɗa jiki gaba da baya. Muryar ta fito can ƙasa, a dishe, sannan ta miƙe ta cika ɗakin. Ita ce dai muryar bayan randa, shekaru ba su taɓa ta ba. Gashin jikin Widad ya tashi.

"Gida ya yi faɗi yau, wa ya fita?
Ga takalmi a bakin ƙofa,
ɗaya na kallon ɗaki, ɗaya na kallon hanya."

Widad ta rufe ido. Wannan ne. Wannan take nema tun ranar da ta fara riƙe alƙalami, kuma duk abin da ta rubuta a rayuwarta bai kai baitin nan ba.

"Mai fitila a bakin dogo,
wa ya hure maka ita da rana tsaka?
Jirgi ya zo ba wanda ya ɗaga masa tuta.
Fahmi ɗan Zakiyya, tashi, an bar tasha ba kowa."

Ta buɗe ido. Ta dubi hannun rigarta, baƙi. Ta dubi kofin da ke gabanta. Nan take ta gane duk abin da tsohuwar ta gani tun daga tsakar gida. Babanta ake wa waƙar mutuwa, shi kuwa yana can kwance da ƙirji a buɗe, da ransa. Da ransa dai, in ba wani abu ya faru tun da ta kashe waya ba.

Kalma biyu za ta faɗa a tsaya. Ba ta faɗa ba. Gaskiya ke nan, ba ta faɗa ba. Ta ce a ranta waƙa iska ce, ba ta kashe kowa, likitoci ne a kansa ba aljanu ba. Ta ce baiti ɗaya kawai, in ya ƙare sai ta tsayar. Baitin ya ƙare wani ya shigo, ya fi na baya. Tsohuwar ta yi masa jinya a waƙa, ta ba shi ruwa ya ƙi sha. Ta tambaye shi wa zai riƙa ɓare wa 'yarsa rake, tunda ita ba ta iya ba sai ta yanke hannu. Hawaye na zuba a fuskar Widad, ita kanta ba ta san na tsoro ne ko na daɗin waƙar ba, kuma rashin sanin nan ya fi komai ba ta tsoro. Ramzi na bayan kyamara ko numfashi ba ya yi. Shi bai ma san sunan babanta ba.

Tsohuwar ta kai ga wanka. Ta kira a kawo ruwan ɗumi, kada a yi masa da sanyi, ba ya so. Ta kira a kawo likkafani.

Sai wata mace ta amsa daga bayan katanga. Ihu ɗaya, dogo, irin wanda ba a yin sa sai an tabbatar. Wata ta karɓa daga can gaba. Haka labarin mutuwa ke tafiya a ƙauyen nan, daga soro zuwa soro, kuma gidan Gwaggo Saniyya yana tsallaken magudanar ruwa, soro kaɗan ne tsakani. Tsohuwa ce mai hawan jini, Fahmi kaɗai ya rage mata.

"Yana da rai!" Widad ta faɗa, muryarta ta fashe. "Inna, tsaya, yana da rai. Aiki ake masa a asibiti. Bai mutu ba."

Waƙar ta yanke a tsakiyar kalma. Ummu Hilal ta zauna baki buɗe, tana haki. Ta dubi Widad kamar ba ta taɓa ganin ta ba.

"Me kika ce?"

"Bai mutu ba. Rigar ta Ramzi ce, saboda gilashi. Sukarin kuma na daina sha ne tun..."

"Tun yaushe kika gane da shi nake?"

Tsohuwar ta sake tambaya.

"Tun yaushe, 'yar Fahmi?"

"Tun da kika kira sunansa."

Tsohuwar ba ta zage ta ba, da ma ta zage ta da ya fi sauƙi. Ta dafa kabad ta miƙe, ta fita tsakar gida inda mata suka fara shigowa da baƙaƙen mayafai, wata ma da kwaɓin gurasa a hannu. Widad na jin ta daga ɗaki.

"Ku koma, ba wanda ya mutu. Ni ce na ruɗe, tsufa ne. Ke Fatahiyya, kin fi su ƙafa, ruga ki tare Saniyya kafin labarin ya kai mata. Ki ce ɗan'uwanta ƙalau yake, Ummu Hilal ce ta fara gigin tsufa."

Matar da ba ta taɓa kuskuren suna ba a gidan mutuwa, ta ɗauki wannan ta ɗora wa kanta a gaban maƙwabta. Widad ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta lalubo wayar ta kunna. Nagi ya kira ya kira. Ta danna.

"Yaya, ina kika shiga ne?"

"Faɗa min."

"An fito da shi. Amma bai farka ba. Sun ce ya kamata a ce ya motsa tun ɗazu. Likitan ya shiga ya fito, ya ce mu jira."

"Mu jira me?"

"Mu jira kawai ya ce."

Ummu Hilal ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Ta ji komai. Ta nuna kyamarar da haɓa.

"Yana ciki?"

"Yana ciki, Inna."

"In kin kunna, zan sake kiransa?"

"E."

"Gobe ma? Jibi ma? A gaban mutanen da ba su san shi ba?" Ta kwance ɗankwalin daga goshinta. "Ni na tsaya. Na yi masa wanka amma ban fitar da shi daga ƙofa ba, Allah ya taimake ki kin yi magana kafin a ɗauki makara. Amma wancan ba ya tsayawa. Muddin yana ciki, kiransa ake yi."

Ramzi ya riga ya zare katin daga kyamarar, ɗan abu kamar farcen babban yatsa, hoto da murya duk suna kansa. Ya rufe shi a tafin hannu.

"Ustaza, saurare ni," ya ce ƙasa-ƙasa. "Allah ya ba Baba lafiya, wallahi ban sani ba. Amma wannan roba ce da ƙarfe. Ba ruwanta da asibiti. Ke kika fi kowa sani, ke da kike rubutu a jarida kan camfi. Shekara nawa kina bin matar nan? Ba za ta sake ba, kin ji da kunnenki. Mu ajiye kawai. Kada mu kalla, kada mu nuna wa kowa, sai ya warke."

"In bai warke ba fa?"

Ita ta amsa wa kanta, kuma amsar ce ta tsorata ta: in bai warke ba, fim ɗin ya samu ƙarshen da ba wanda ya taɓa samu. Tunanin ya zo mata da kansa, a sarari, har da inda za ta yanka hoton. Ta tsani kanta.

"Ba ni."

"Ustaza."

"Na san roba ce, Ramzi. Ba ni."

Ya miƙa mata, ta fita tsakar gida. Gurasar ta kumbura ta wuce misali ba wanda ya kula ta, tanderu ya yi jajir. Ba ta yarda kati na kashe mutum ba, ko a lokacin nan ba ta yarda ba. Amma ba za ta iya tsayawa a gaban gadonsa da abin nan a jaka ba. Ta jefa shi can cikin tanderun. Ya yi ɗan tsiii, wari ya tashi, shi ke nan. Ramzi ya zauna a kan akwatin fitila ya dafe kai.

Da za su tafi, Ummu Hilal ba ta rako su ba. Daga inda take zaune ta ce, "Cire rigar nan kafin ki taka hanya." Widad ta cire. Tsohuwar ta ƙara da cewa, "Ki gaishe shi in ya tashi. Ki kuma sani, ba a yi wa mutum sau biyu. Ranar da tasa ta zo, ko ina da rai ba ni da abin ba shi. Kin cinye masa. Ni kuma bakin nan na rufe shi, ko uban wa ya mutu."

Jirgin yamma ya tashi daga Kina rana na gangarawa kan gonakin rake. Ramzi ya juya fuska ga taga. Sun wuce Naga Hammadi wayar ta yi ƙara.

"Riƙe," in ji Nagi. "Ya ce sai ya yi magana da ke. Kada ki ja shi, sun ce kwanakin nan sai an sa ido sosai."

Aka yi ƙugi-ƙugi, sannan wata murya ta fito, siririya, kamar daga ƙasan rijiya.

"'Yata."

"Baba."

"Kin samu?"

Ta dafe baki, ta saki. "Ban samu ba, Baba."

"Tsohuwar banza," ya ce, yana neman yin dariya tari ya hana shi. "Kin yi asarar kuɗin jirgi."

Nagi ya karɓe wayar. Widad ta jingina kai da kujera, ta yi hamdala, ta sake yi. Jikinta ya saki, ta ce yanzu kam za ta yi barci.

Ta rufe ido ke nan ta ji leɓɓanta na motsi. Gida ya yi faɗi yau, wa ya fita. Ta buɗe ido a firgice. Baiti na biyu ya biyo, da na uku, da ruwan ɗumin, da likkafanin, har daidai kalmar da aka yanke a tsakiya, kowanne a wurinsa da muryar tsohuwar. Ba abin da ya zube. Ta cusa bakin gyalenta tsakanin haƙora ta cije, waƙar ta ci gaba a ciki, tana tafiya daidai da ƙarar ƙafafun jirgi a kan dogo.

Sai ta fara jero tashoshi, a bayyane, kamar yadda ya koya mata. Girga, Suhag, Tahta, Asyut. Wata mata a kujerar gaba ta juyo tana kallon ta. Minya, Bani Suwaif, Giza. Ta kai Alkahira ta dawo Kina ta sake farawa, da ɗan ƙarfi fiye da na farko, don ta lura duk inda ta tsaya jan numfashi, nan sunansa ke shigowa.